Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaukar mai naƙasa aiki, riba ko taimako?

Wani mai shagon ɗinki daga Kaura Goje a Kano ya aiko yana tambaya: idan ya ɗauki mai naƙasa aiki, akwai riba ko taimako ne kawai?

To Malam, akwai lada, akwai kuma riba. Babban ciwon kan masu shago shi ne yaro ya ƙware ya tafi ana dab da sallah. Wanda ya daɗe ana rufe masa ƙofa kuwa, in ya samu wurin da ake mutunta shi, yakan zauna ya riƙe aiki da hannu biyu.

Ka duba ƙungiyar masu shan inna ta Kano. Suna zaune a ƙasa suna yanka ƙarfe, suna walda, suna ƙera kekunan guragu da lilon yara, ana saye. Makarantar Tudun Maliki ma tana yaye kurame da makafi. Kurma mai jan keken ɗinki, ƙarar janareta da hirar shago ba sa raba masa hankali, kuma 'yan'uwansa kurame wurinka za su riƙa kawo ɗinki, don sun san za a fahimce su.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Kai ba ta ɗora maka wannan kason ba, amma ta haramta nuna bambanci.

Ka gwada shi kamar kowa, ka biya shi kamar kowa. In a keken guragu yake, ka yi gangare da siminti a dokin ƙofar shagon.