Kafin Ka Ɗauko Bulala a Ofis

Wani da aka ɗora a kan sashe a wata ma'aikatar gwamnati ya rubuto mini yana kuka: ma'aikata sai ƙarfe goma suke shigowa, fayil yakan yi wata guda a tebur ɗaya. Yana tambaya ko ya ɗauko bulala.

Ranka ya daɗe, kafin ka ɗauko ta, zo mu leƙa Faransa.

France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, a da kamfanin wayar gwamnati ne kamar NITEL. A 2004 gwamnati ta daina riƙe mafi yawan hannun jarinsa, amma akasarin ma'aikatan suna nan da matsayinsu na ma'aikatan gwamnati, ba a iya sallamarsu haka kawai. Shugaban kamfanin, Didier Lombard, ya ƙudurta rage mutum 22,000 cikin shekara uku. Da kora ta gagara, sai aka koma ga gallazawa: a tura mutum gari mai nisa da iyalinsa, a ƙwace aikin da ya ƙware a kai, a bar shi zaune har ya gaji ya tafi da kansa. A 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. A Disamban 2019 kotu a Faris ta sami Lombard da kamfanin da laifin musguna wa ma'aikata a matsayin manufa. Har yau in na tuna labarin nan sai jikina ya yi sanyi.

Sai kuma SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnati, wanda ya buɗe layin TGV, jirgi mai tsananin gudu, tsakanin Faris da Liyon a 1981, tafiyar da yanzu take ɗaukar kamar awa biyu. Ƙwararru kam akwai su. Duk da haka a 2014 aka gano sababbin jiragen da ya yi oda sun yi wa tsofaffin tashoshi faɗi, sai da aka gyara dakalin hawa wajen 1,300. Tun 1997 an raba masu kula da dogo da masu tuƙa jirgi gida biyu, kuma awon da masu kula da dogo suka miƙa na sababbin tashoshi ne. Ba lalaci ya jawo wannan ba. Kowa ya tsaya kan teburinsa ne, ba mai leƙa na maƙwabci. A 2015 aka sake haɗa gidajen biyu.

Don haka shawarata ita ce, ka ɗauki fayil guda ka bi sawunsa daga ranar da ya shigo har ya fita, ka rubuta inda ya kwana da dalili. Kada ka yi mamaki in ka tarar sa hannunka yake jira. Ka zauna da masinja da akawu ba tare da shugabanninsu a wurin ba, domin su ne suka san inda rufin yake yoyo.

Sannan ka raba kuskure da ganganci. Wanda ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi kuskure, kada ka ba shi takardar tuhuma. In ka ba shi, gobe kowa zai binne nasa. Wanda ya karɓi na goro kafin ya motsa fayil, wannan hukunci ya hau kansa, ko ɗan wane ne.

Batun makara kuwa, ka riƙa isa ofis ƙarfe takwas na tsawon wata uku, ƙofarka a buɗe, kafin ka aika a sayo rajistar sa hannu.