Yadda Ake Daidaita Fari a Kyamarar Zamani

Sau da yawa mai ɗaukar hoto yakan je wurin biki da dare, ya ɗauki ango cikin riga fara fat, amma da hoto ya fito sai ga riga ta koma rawaya kamar ta sha hayaƙi. Masu biki su ƙi biya, shi kuwa ya ɗora wa kyamara laifi, alhali bai san halin hasken da ya yi aiki da shi ba.

Ku sani kowane haske da launinsa. Idon ɗan Adam yana gyara wannan da kansa, shi ya sa takarda fara ce gare mu, ko a rana ko a gaban fitila. Kyamara kuwa sai an gaya mata.

Masana suna auna launin haske da ma'aunin Kelvin, sunan wani malamin Jami'ar Gilasgo wanda ya rasu a 1907. Kyandir wajen 1,900 ne, ƙwan lantarki mai jan haske wajen 2,700, rana tsaka wajen 5,500, inuwa kuwa takan kai 7,000 har ta wuce. Watau ƙaramin lissafi ja ne, babba shuɗi.

A nan ne sababbin shiga suke ruɗewa. Lambar da kake sa wa kyamara ba ta launin da kake so ba ce, ta hasken wurin ce. Kadan ka ce mata 7,000, sai ta zaci haske shuɗi ne, ta ƙara ja don ta kashe shi. In ka yi haka a gaban ƙwan lantarki, rigar ango ta ƙara lalacewa ke nan.

Nemi haruffan WB a jikin kyamara. Za ka ga alamar rana, da girgije, da inuwa, da ƙwai. Zaɓi wadda ta dace. Akwai kuma AWB, inda kyamara take zaɓa da kanta. Da rana tana ƙoƙari, amma da dare ban amince mata ba.

Hanyar da ta fi duka ita ce ta farar takarda. Riƙe ta daidai inda mutum zai tsaya, ka ɗauke ta, sa'an nan ka umurci kyamara ta riƙi wannan a kan shi ne fari. In an sake wuri, a sake gwaji. Kadan hasken taga ya gauraya da na fitila, lalle a kashe ɗaya, domin kyamara ba ta iya gyara biyu gaba ɗaya.

Amma fa jan almuru ado ne. In kana son ya fito, bar kyamara a kan alamar rana.