Darasi Na 18: Mai Son Barin Giya Ya Nemi Abokai

Mun sani giya haramun ce. Mun kuma sani tun shekarar 2000 shari'a ta hana shanta da sayar da ita a ƙasar Kano. Duk da haka akwai masu sha a ɓoye. Wani ya koyo a wurin cin rani, wani a tasha, wani wajen abokan banza. In muka ce babu su a garuruwanmu, mun ruɗi kanmu.

Da yawa cikinsu suna so su bari. Mutum ya rantse da safe, da almuru ya koma. Giya ta riga ta kama jikinsa, in bai sha ba sai ya rasa sukuni. Likitoci sun ce wannan ciwo ne. Giya tana lalata hanta, tana cinye kuɗin hatsi, tana raba miji da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta, cikin 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600.

To, ina dabara? Ga labarin yadda waɗansu suka samo ta.

Cikin 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, mashaya biyu suka gamu. Ɗaya Bill Wilson, dillali ne. Ɗaya kuwa Bob Smith, likita ne. Bill ya yi 'yan watanni bai sha ba, sai ya ji sha'awa ta taso masa. Bai nufi gidan giya ba, sai ya nemi mashayi ɗan'uwansa su yi magana. Suka ga ashe in suna zama tare, kowa yana faɗin gaskiyar halinsa, suna iya daurewa. Daga nan suka kafa jam'iyyar Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a bayyana sunansu. Yanzu tana cikin ƙasashe wajen 180.

Ga ƙa'idodin irin wannan zama. Ba a biyan kuɗin shiga. Abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗaki yake tsayawa. Ba wanda zai yi wa wani gori, gama duk ciwonsu ɗaya ne. Kuma ba a cewa, "Na bari har abada." Sai a ce, "Yau ba zan sha ba." Gobe kuma a sake faɗin haka.

Mutumin Saji, ko Rurum, ko Kibiya, ina zai sami irin waɗannan abokai?

Da fari ya je asibiti. Wannan wajibi ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke gaba ɗaya, cikin kwana biyu ko uku jikinsa yana iya rawa, ya yi ta gane-gane, ko ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Har mutuwa akan yi. Saboda haka ya tafi Babban Asibitin Rano, ya gaya wa likita gaskiya. In abin ya yi nauyi, akwai asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a birni. Kafin ya fito ya tambaya, "Likita, ko akwai inda masu irin ciwona suke zama tare?"

Na biyu, ya sami liman ko wani dattijo mai riƙon asiri. Sau da yawa su ne suka san wanda ya taɓa sha ya tuba. Sai su haɗa su a asirce.

Na uku, in babu taro kusa, su fara nasu. Mutum biyu sun isa, ai da biyu aka fara a Akron. Su sa rana ɗaya cikin mako, bayan lisha, a zauren da ba a yawan shiga. Kowa ya karɓi lambar wayar ɗan'uwansa. In sha'awa ta taso, ya kira shi tun bai kai ƙofar mai giya ba. In ɗaya ya zame ya sha, kada ya ɓuya. Ya dawo zama, a sake ƙirga daga rana ta ɗaya.

Mu sauran jama'a muna da namu aikin. In gona ta fi ƙarfin mai ita, gayya muke yi masa. Haka za mu yi wa mai son barin giya. Kada mu tona masa asiri, kada mu kira shi da tsohon suna. Mu ja shi salla, mu ja shi noma, mu kawo shi ajin karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Don me mai son barin giya zai fara zuwa asibiti?
2. A wace shekara Bill da Bob suka gamu?
3. Mutum nawa suka isa su fara zama?

Ku rubuta wannan sau uku: Yau ba zan sha ba.