Zumunta A Ƙafa Take

Akwai wata kyakkyawar al'ada tsakanin manyan makarantun duniya, wadda ake kira musayar ɗalibai. Watau wata jami'a ta aika da ɗalibinta wata ƙasa, ya yi wata shida ko shekara guda yana karatu, ita kuma ta karɓi ɗalibin waccan. Ta haka samari ke koyon harsunan juna, su kuma ga irin zaman da wasu mutane ke yi.

Ta wannan hanya ce wani saurayi Bajamushe ya zo Jami'ar Bayero ta Kano don ya ƙara sanin Hausa. Tun a garinsu Hamburg ya fara koyonta, gama an daɗe ana koyar da Hausa a jami'ar garin. Da ya iso, sai ya ce ya fi son zama cikin gari, inda zai riƙa jin Hausa safe da yamma. Wani malamin makarantar firamare ya ba shi ɗaki a ƙofar gidansa. Tare suke cin tuwo, tare suke hira. Saurayin nan yana ce masa Baba, shi kuwa yana ce masa ɗana.

Da damina ta yi tsaka, sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da baƙon. Malam ya kai shi asibiti, ya kwana uku a gefen gadonsa. Uwargida kuwa kullum sai ta dama kunu ta aika. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙare karatunsa. Ran da zai koma gida ya ce, "Baba, na ga gidanka, na ci abincinka. Ka yi mini alkawari wata rana za ka zo ka ga namu."

Malam ya ce, "Na yi, ɗana. Allah ya kai mu."

Shekaru suka wuce, saurayi ya zama magidanci. Ba su daina gaisawa ta waya ba, amma muryar waya ba ta kai ganin ido ba. Malam ya shiga adashi, ya yi shekara biyu yana zubi. Da ya kwasa, sai 'yan'uwansa suka ce, "Haba Malam! Kuɗin da za ka gyara soro da su za ka ba jirgin sama? Wa ya sani ma ko Baturen nan ya manta da kai?" Maganar ta taɓa zuciyarsa, ya kwana yana tunani. Da gari ya waye ya ce musu, "Soro zai jira baɗi. Alkawari kaya ne, sai an sauke shi ake hutawa."

Ba a shiga ƙasar wasu haka kawai. Sai da Malam ya yi fasfo, abokinsa ya aiko masa da takardar gayyata, sa'an nan ya nemi biza a ofishin jakadancin Jamus, watau izinin shiga ƙasar. Uwargida ta so ta sayi kilishi don tsaraba, amma aka gaya musu dokar ƙasashen Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko nono. Saboda haka Malam ya tafi marinar Ƙofar Mata ya sayi zane mai baba, ya haɗa da hula da jakar fata.

Da aka ba da dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, ya sauka Abuja ya shiga jirgin sama. Wajen awa shida suka yi a sama kafin su sauka a Frankfurt. Daga nan ya hau jirgin ƙasa, ya yi kamar awa huɗu yana nufar arewa, yana kallon gonakin alkama da dazuzzuka ta taga. Ya gyara agogonsa, gama a wannan lokaci na shekara agogon Jamus yana gaban na Nijeriya da awa ɗaya.

A tashar Hamburg mutane sun yi cincirindo, ba wanda ya sani. Gabansa ya faɗi, ya tuna da maganar 'yan'uwansa. Can sai ya ji murya da Hausa tana cewa, "Baba! Sannu da zuwa! Ina gajiya?" Ya waiga, sai ga abokinsa sanye da tsohuwar rigar da ya ɗinka a Kano, yana riƙe da hannun 'yarsa. Yarinyar ta rusuna ta ce, "Sannu, Kaka." Ashe mako guda ubanta ya yi yana koya mata.

A gida sun gyara masa ɗaki. Maigidan ya nuna masa alƙibla, ya ce a nan kudu maso gabas ake fuskanta. Naman da za a dafa ma wajen mahauci Musulmi ya sayo. Malam ya ga an san darajarsa, hankalinsa ya kwanta.

Hamburg ita ce birni na biyu a girma a Jamus, bayan Berlin. Mutanenta sun kusa miliyan 2. Tana bakin Kogin Elbe, fiye da mil 60 daga teku, amma saboda zurfin kogin manyan jiragen ruwa suna shigowa har cikinta. Babu tashar jiragen ruwa a Jamus da ta kai tata girma. Malam ya ga injuna masu dogon wuya suna ɗaga akwatunan ƙarfe, kowanne ya kai girman ɗaki. Suka kuma bi wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin kogin tun 1911, suka ɓulla ƙetare a ƙafa, jirage na wucewa a bisa kansu.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne rana. Har ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba. Abokinsa ya ce, "Baba, ƙasarmu tana can arewacin duniya ƙwarai. Shi ya sa yanzu yini ke da tsawo. In hunturu ya zo, tun ƙarfe 4 na yamma duhu ke shiga." Ya kuma lura mutanen suna kiyaye lokaci, suna raba shara kashi kashi, takarda dabam, kwalba dabam. Ran Lahadi kuwa yawancin kantuna a rufe suke.

Wata rana abokinsa ya ba shi labarin wani ɗan garin, Heinrich Barth, wanda aka haifa a Hamburg a 1821. Wannan matafiyi ya ƙetare Sahara, ya shiga Kano a 1851, yana amsa sunan Abdulkarim. Ya ga Katsina da Kukawa da Sakkwato da Tambutu, ya kuma rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Da zai koma a 1855, ya tafi Turai da wani yaro mai jin Hausa, sunansa Dorugu. Malam ya yi murmushi ya ce, "Ashe tsohuwar hanya muke bi."

Bayan mako uku Malam ya komo gida. Da aka koma makaranta, ya buɗe taswira ya nuna wa almajiransa Elbe da Hamburg, ya gaya musu abin da idonsa ya gani. Soron kuwa da rani mai zuwa aka gyara shi.

To, yara, kun ji. In baƙo ya sauka garinku, ku kyautata masa, ko ba ku jin harshensa. In kun yi alkawari, ku cika. In kuma kuna da aboki a nesa, kada ku bar zumunci ya mutu, gama zumunta a ƙafa take.

Tambayoyi

1. Mene ne musayar ɗalibai?
2. Don me Malam bai tafi da kilishi ba?
3. A bakin wane kogi Hamburg take?
4. Wace shekara Barth ya shiga Kano?
5. Rubuta wasiƙa zuwa ga abokinka na nesa, ka gayyace shi garinku.