Waya ba ta auna nutsewar gini

Wani Alhaji mazaunin birnin Katsina ya roƙe ni in duba masa benensa a Batsari, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Shi ya daina bin hanyar saboda 'yan bindiga, sai ya damƙa ginin a hannun wani yaro mai kiran kansa injiniya. Duk Juma'a yaron zai hau sama, ya ajiye waya a kan dekin, ya ɗauki hoton lambobin GPS, ya tura ta WhatsApp: "Baba, gini bai motsa ba." Kuma biyansa ake yi!

Abin da na tarar, tsaga ce ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace har fandisho, makullin mota na shigewa ciki. Ƙofar shagon ƙarshe sai an sa kafaɗa take rufuwa. Indararo na ta zuba a gindin pila tun faɗuwar damina. Na kafa lebul na bi linta, kusurwar ginin ta wajen tsagar ta sauka ta bar sauran. A sama kuwa iyalai ne da suka gudo daga ƙauyukan Safana, yawanci mata da ƙananan yara. Raina ya ɓaci matuƙa.

Jama'a, kuskuren GPS na waya yakan kai mita 5 a fili fetal. Kusa da bango da kwano ya fi haka, awon tsayi kuma ya fi muni. Mu masu awon gini milimita muke nema. Na san tun 2018 akwai wayoyi masu kama zangon GPS biyu, masu bincike na ta gwada su, amma ko babbar na'urarmu sai da tashar tushe da sa'o'i a kafe.

Waya ta ɗauki hoton tsaga da ruler a gefe, da kwanan wata, wannan amfani ne. Ban da haka, a'a. Kada a shafe tsaga da filasta. A kawar da ruwa daga gindin gini. A tambayi lambar rajistar injiniya ta COREN ko ta safiyo ta SURCON kafin a biya kowa. Na sake faɗa, kada a shafe tsaga! Ruftawar gini ba wasa ba ce: a Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai.

Na ce wa Alhaji a kwashe mutanen nan kafin ruwan Agusta, a tokare kusurwar, sannan mu tona fandisho. Ya ce haya fa? Har yanzu muna kan wannan magana.