Idan rautocinka sun ƙi magana da juna a Packet Tracer

Ɗalibai da yawa masu koyon haɗa netwok, da zarar ping ya ƙi tafiya, sai su goge komai su sake daga farko. Ni ban yarda da wannan ba. Cisco ya ba da Packet Tracer kyauta ga masu rajista a Networking Academy ne domin mutum ya ɓata ya gyara ba tare da ya ƙona na'urar kowa ba, kuma a wurin gyaran ake samun ilimin.

Fara da ƙofofin rauta. Buga show ip interface brief ka duba. Ƙofofin rautar Cisco a rufe suke zuwa, don haka in ka ga administratively down, shiga ƙofar ka buga no shutdown. In kuwa fitilar suwic ce ta tsaya ruwan goro, yi haƙuri na kamar daƙiƙa 30, suwic ɗin na tantance hanya ne kafin fitilar ta koma kore.

Ƙofofi sun buɗe amma OSPF, tsarin da rautocin ke musayar hanyoyi da shi, shiru? Buga show ip ospf neighbor. Abin da kake nema shi ne maƙwabci a matsayin FULL. In allon ya fito wayam, akwai abin da rautocin biyu suka saɓa a kai. Dole ƙofofin da ke fuskantar juna su kasance a sabnet ɗaya da mask iri ɗaya, a area ɗaya, kuma lokutan gaisuwarsu su daidaita. A layin Ethernet, rauta na aika hello kowace daƙiƙa 10, in ta yi daƙiƙa 40 ba ta ji maƙwabci ba sai ta ɗauka ya mutu. Canja wannan a gefe guda kawai ya isa ya raba su. Sannan ka karanta layin network da kyau. Misali network 192.168.1.0 0.0.0.255 area 0 ya shafi adireshin da suka fara da 192.168.1 ne kaɗai, ƙofar da ke 192.168.2.1 ba ta ciki, OSPF ba zai taɓa tashi a kanta ba.

Inda aka fi shan wuya shi ne hanyar dawowa. Ping ɗan aike ne, sai ya je ya dawo da amsa kafin a ce ya yi aiki. Sau da yawa saƙon ya isa lafiya, rautar can ce ba ta san inda za ta mayar da amsa ba, ko kuma an manta ba a sa wa kwamfutar default gateway ba. Saboda haka ka buga show ip route a rautocin duka biyu, ka nemi layukan da suka fara da harafin O. Idan har yanzu abin ya ɗaure maka kai, koma yanayin Simulation na Packet Tracer, ka bi ambulan ɗin saƙon mataki mataki har inda jar alama ta fito a kansa, ka danna shi ka karanta dalilin da na'urar ta yar da shi. Kada ping na farko da ya faɗi ya tayar maka da hankali, ARP ne ke neman adireshin MAC.

Ka riƙa canja abu ɗaya kana gwadawa kafin ka taɓa na gaba. In ya yi, buga copy running-config startup-config, domin ko a Packet Tracer, kashe rauta da kunna ta yana share duk abin da ba a adana ba.