Cakwaikwaiwa abokiyar manomi ce

Ƴan uwa manoma, mu dubi itatuwan bayan gidajenmu. Daga Damagaram har Mirya da Magarya muna ganin cakwaikwaiwa, mai sheƙin baya da jan ciki. A kan icen ƙaya irin aduwa take yin sheƙa da busasshiyar ciyawa, ta yi ƙwai.

Idan ta ƙyanƙyashe, mu zauna mu lura. Tun da sassafe uwa da uba suna kai da kawowa, abinci a baki. Ƴan uwansu ma suna taya su ciyar da ƴaƴan, kamar yadda muke yin gayya. Me suke kawowa? Fara da gara da tsutsa, wato ƙwarin da ke ɓata mana hatsi.

Tsuntsu ba ya iya tare farin dango irin na shekarar 2004. Amma kullum yana rage ƙananan farin da ke cikin gonakinmu.

Saboda haka mu hana yara harbinta da danƙo ko kwashe ƴaƴanta. Kada mu sare ice mai sheƙa. Kada mu fesa maganin ƙwari sai da shawarar malamin gona, domin guba tana kashe tsuntsun da ya ci farar.